Jeren Kaburbura Biyu a Gindin Dutse

Malam Zarami ne ya fara ja wa kabari igiya a ƙauyenmu na ƙasar Roni, a shekarar farin 1973. Maƙabartar tsukakkiya ce, dutse ya tare ta daga gabas, saboda haka ya kafa turaku biyu, ya miƙe igiya tsakaninsu, ya jera mamata a kanta gefe da gefe, kai a kudu, fuska a alƙibla. Tsakanin jere da jere yakan bar kamu huɗu, kuma yakan auna a farko, ya auna a ƙarshe.

Da ya rasu, kula da maƙabartar ya koma hannun ɗansa, Alhaji Kyari. Shi kuwa ya buɗe sabon jere a arewa da na mahaifinsa, ya ce idon da ya shekara ashirin yana kallon igiya ba ya bukatarta. Kowane sabon kabari sai a daidaita shi da wanda ya gabace shi.

Ranar wata Laraba ta bana aka kawo gawar Yakubu maƙeri bayan azahar. Haƙa ya yi jinkiri saboda taurin ƙasa, aka ajiye makara a inuwar aduwa, jama'a na tsaye. Hamma mai haƙa yana cikin ramin, ta wajen kai. Ya sara diga, sai aka ji ƙarar da ba ta dutse ba ce.

Hamma ya tsaya cak. Ya share ƙasa da yatsu, bayan tukunya ya bayyana, baƙi, da tsaga sabuwa a jikinsa. A da, da fasassun tukwane ake rufe mamaci kafin a zuba ƙasa, kuma babu wanda ke wurin da bai san haka ba.

"Baba Alhaji," in ji Hamma, murya ƙasa-ƙasa, "akwai wani kwance a nan."

"Babu kowa," in ji Alhaji Kyari. "Tsohon jere yana can, kamu huɗu."

"To sauko ka gaya masa da kanka. Ni ba zan ƙara sara ba."

Damina ta riga ta shafe tudun tsofaffin kaburbura, ƙasa ta zama bai ɗaya. Malam Shafi'i, mai koyar da lissafi a makarantar garin, ya matso ya rusuna.

"Baba, a ba ni izini in gwada abu ɗaya. Turakun tsohon jere suna nan?"

Duwatsun da aka maye gurbinsu da su suna nan. Aka kwanto igiyar guga daga rijiya, aka miƙe ta daga wannan dutse zuwa wancan. Malam Shafi'i ya koma farkon sabon jere ta yamma ya auna: kamu huɗu. A tsakiya ya sami biyu. Da ya iso ramin Yakubu, igiyar tana ratsa bakinsa.

"Layi biyu da ba za su taɓa haɗuwa ba, tazararsu ɗaya take a ko'ina," in ji shi. "In ta ragu ko da faɗin yatsa ne a kowane kabari, haɗuwa ba makawa. Yau suka haɗu."

Alhaji Kyari ya bi igiyar da kallo. Leɓɓansa na motsi, yana ƙirga mutanen tsohon jere da sunayensu daga yamma. Ya wuce liman na da, ya wuce 'yan biyun Mamuda. Da ya zo kan na ƙarshe sai sandarsa ta faɗi. Ya Kura ce, mahaifiyarsa, kuma shi ya sa ta a ramin da hannunsa.

Gumi ya jiƙa masa riga. Ya sauka cikin ramin, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan tukunyar. Yana tsoron ya danna ta rufta, yana tsoron ya ɗaga ya ga abin da ɗa bai kamata ya gani ba. Tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa. Ƙasa na zurarewa ciki kaɗan-kaɗan.

"Ku ba ni laka," in ji shi.

Aka kwaɓa, aka miƙa masa. Ya shafe tsagar a hankali har zurarewar ta tsaya. Sannan ya ɗago ya dubi jama'a.

"Idona ne ya yi wannan. Kada wanda ya ɗora wa Hamma. Malam, auna mana."

Malam Shafi'i ya auna kamu huɗu daga igiyar a wuri biyu, yana karkata awon hagu da dama har ya sami mafi gajarta, domin wannan ne yake tsaye sosai a kan layin. Aka haɗa alamun biyu, aka haƙa sabon rami a kan wannan sabon layin.

An rufe Yakubu kafin rana ta yi ja. An yi asarar gurbin kabari shida a tsukin da jere biyun suka matse, an kewaye shi da ƙaya. Daga baya an sami turaku huɗu na ƙarfe da 'ya'yan maƙerin suka ƙera, domin a koma ja wa kabari igiya. Ya Kura tana nan yadda aka kwantar da ita, ba a ga ko bakin likkafaninta ba.