Fuskar da Na Zana wa Auta

Shagona na kwafi yana kallon ƙofar makarantar 'yan mata, shi ya sa nake sanin abin da ke tashe a wajen yaran kafin iyayensu su sani. Bana abin da ke tashe shi ne labarin zane da wata 'yar aji shida take yi. Shiru-shiru suke kiranta, kuma sunan ya bi ta. Sai ta yi minti goma a gabanka ba ka ji ko tarinta ba, sai ido.

Duk ranar Alhamis takan kawo mini shafi huɗu. Kowane shafi ta raba shi gida-gida da rula, a ciki 'yan mata biyar ƙawayen juna suna faɗa suna shiryawa, maganarsu a ɗan zagaye saman kai. Ni kuma in buga talatin in haɗa da fin. 'Yan matan nan ba ƙirƙira ba ne, 'yan ajin ne, da ka gani ka gane. Wadda take ciki ita ake tsare wa wuri a benci lokacin hutu. Wadda ba ta ciki sai dai ta karanta.

Autata tana ciki, da tabarau ɗinta da wushiryarta. Tare suka tashi da Shiru-shiru, a bayan kantata suka koyi riƙe fensir, suna ɓata mini takardu. Tunda aka sa ta a labarin nan yarinyar ta daina ɓuya a shago da rana, har wata yanga ta koya.

Wata Alhamis ina jera kwafin sai na ga zanen Auta ya yi dishi-dishi. Na zargi injin, na buɗe shi na goge gilashin, na sake bugawa, haka dai. Sai na ɗauko na ainihin na kai bakin ƙofa wajen haske. Shiru-shiru da fensir take fara zane, sannan ta bi kai da baƙin biro. Ta bi kan huɗun tsaf, ta bar Auta rabi biro rabi fensir. Injina kuwa ba ya kama fensir, kuma babu wanda ya fi Shiru-shiru sanin haka, don ni na koya mata.

Mako na gaba tabarau kawai suka fito. Na bayansa, yara huɗu ne a benci da wani fili a gefe, ga zagayen magana yana reto a sama babu mai shi.

Auta ta ce mini ta tambaye ta dalili. Wai Shiru-shiru ta buɗe mata na ainihin a gaban kowa, ta nuna mata cewa ga ta nan an zana ta, injin mamanta ne yake cinye ta. Auta tana ba ni labarin tana murmushi, tana so in yarda. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ni, don ban taɓa ganin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da irin wannan haƙurin mugunta ba.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya shaide ni. Da Alhamis ta zagayo, Shiru-shiru ta ajiye shafukanta ta ce za ta dawo bayan an tashi. Tana juya baya na zaro biro daga aljihun tebur. Na ce zanen ai yana nan, bi kawai zan yi, mene ne abin wahala? To hannun da ya saba danna maɓalli daban yake. Ido ɗaya ya fi ɗaya, tabarau suka karkace, wushiryar nan da take yi mata kyau ta zama kamar an cire haƙori. Na yi ta gyara ina ƙara ɓatawa, biro kuma ba ya gogewa. Duk da haka na buga, na ce ko ba komai an gan ta.

Shiru-shiru ta dawo, ta buɗe shafin farko ta daɗe tana kallo. Na shirya mata amsa iri-iri, ba ta ba ni damar ko ɗaya ba.

"Mama, ke kika yi?" ta tambaya a hankali.

Na ce ni ce, sai me?

"Ya yi kyau," in ji ta. Ta kwashi kayanta ta fita.

Makon nan Auta ta yi sanyi. Ta ci abinci, ta yi aikin gida, ta daina yangar. Da na tambaya sai ta ce lafiya lau. Na ga ta koma cire tabarau ɗinta tun daga bakin shago, ta tsallaka titi tana ƙanƙance ido.

Ranar Alhamis tare suka shigo. Shiru-shiru ta ajiye shafi shida, ba huɗu ba. Auta tana cikin kowane gida, an bi ta da biro baƙi ƙirin, babu injin da zai rasa ta. Amma da fuskar da na yi mata aka zana ta, ido ɗaya ya fi ɗaya, an kwaikwayi karkacewar hannuna layi bayan layi. A kowane gida kuma, bayan Auta, ga wata ƙatuwar mata riƙe da biro tana leƙe ta saman kafaɗarta. Har ɗaurin ɗankwalina ba ta manta ba.

Na ture takardun na ce ba a shagona ba. Shiru-shiru ba ta yi gardama ba, ta ce akwai wani mai inji a bayan tasha, ta miƙa hannu za ta tattara.

Auta ce ta dafe takardun.

"Umma, ki buga."

Na ce ta duba da kyau ta ga abin da aka yi mata. Ta ce ta gani, tun jiya aka nuna mata. Ba ta kalle ni ba, gilashin injin take kallo.

"Ta ce in kika ƙi, mako mai zuwa su huɗu ne, ko da fensir ba za ta sa ni ba. Don Allah, Umma, kar ki ƙara taimaka mini."

Shiru-shiru tana tsaye a gefe, hannuwanta a baya, tana jira. Na ɗaga murfin na kifa shafin farko. Hasken ya bi ta ƙarƙashi ya dawo, takardun suka fara fitowa da ɗuminsu. Auta ta zagaya inda suke faɗowa tana karɓa ɗaya bayan ɗaya, tana daidaita bakinsu a kan tebur, sannan ta miƙa mini hannu in ba ta fin.