Hannun Rigar Aiki

Lauyar ta cire tabarau ta ce, "Malama, ranar Alhamis wa'adin shigar da ƙarar neman diyya zai cika. In ya wuce, ko alƙalin ɗan'uwanki ne ba abin da zai iya yi miki."

Ranar Litinin ce. An kusa shekara uku tun da manajan otal ɗin da nake wa wanki ya kulle ni a ɗakin ajiye zannuwa, ya yi mini fyaɗe da rana tsaka, injunan wanki suna ta ƙugi. 'Yan sanda suka ce babu hujja, suka rufe fayil. Bayan wata biyu aka sallame ni, wai ina yawan kuka a bakin aiki. Yanzu ina raɓe a ɗakin ƙanwata, maganin da likita ya rubuta mini ya gagare ni saye, shi kuwa manajan har ya sake mota.

"Rigar da kika sa ranar fa?" in ji lauyar.

"Na wanke ta."

"Da me?"

"Da bilic, sau biyu. Na kuma goge ta."

Ta dafe kai. To me take so in yi? Shekara goma sha ɗaya hannuna bai san komai ba, in ya ga ƙazanta, sai wanki. Kafin hankalina ya dawo jikina, rigar tana kan igiya.

"Ki samo mini ko abu ɗaya, ko mutum ɗaya," ta ce. "Da bakinki kaɗai lauyoyinsu za su cinye mu ɗanye."

Talata na ƙare ta ina bin gidajen abokan aiki. Wadda muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya ta aiko a ce ba ta nan, alhali ga takalminta a bakin ƙofa. Wata ta rantse ranar tana hutu. Na koma gida ƙafata a kumbure, na ji na tsani kowa, har da kaina.

Sai Laraba da hantsi na tuna. Hannun rigar ya yage a kafaɗa, kuma kafin in wanke na kai wa tsohuwar da ke yi wa otal ɗin ɗinki, wadda muke kira Inna Mai-keke. Ta cire shi ta sa sabo, ba ta tambaye ni komai ba. Ita kuwa ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ba ta zubarwa. Sai ta maƙala masa takarda da lambar riga da kwanan wata, saboda kada a ce ta saci sabon yadi.

Na bi ta ƙofar bayan otal ɗin, na same ta a lungunta tana taka keken ɗinki.

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Hannun rigata da kika cire nake nema, gobe wa'adin shigar da ƙara zai cika."

"Ke 'yar nan, kina so a kore ni da furfurata?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Ban san me na yi ta faɗa ba, na dai san na jiƙa mata zane da hawaye.

Sai ta jawo buhu daga ƙarƙashin tebur, ta zura hannu har gindinsa, ta ciro wani ƙulli. Hannayen riga huɗu ne, duk sun yage a kafaɗar dama, kowanne da takardarsa. Na gane lambata, da tabon da ya koma ruwan ƙasa.

"Sauran fa, Inna?"

"Masu guda biyu sun bar gari." Ta ɗauki na huɗun, wanda takardarsa ta fi tsufa, ta shafa shi a kan cinyarta. "Wannan ban sa masa lamba ba, na san mai shi."

Ta dafa kafaɗarta ta dama, sannan ta rufe keken da zane, ta jefa almakashinta a jaka.

"Ofishin lauyar taki akwai hawa bene? Gwiwata ba ta son bene."