Ɗoɗɗoyar Goggo Maiturare

"Kada ki fizga, Sadiƙa. Tono ta a hankali, saiwar nake son gani."

Goggo Maiturare ce ke magana daga kan tabarma a ƙofar ɗakinta, don tun bayan babbar salla ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Maƙwabciyata ce a Jajaye. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo, Lukumanu, yana aikin gini a Abuja.

Na tono ɗoɗɗoyar na kai mata. Ta karkaɗe ƙasar, ta bi saiwar da yatsa. Duk ta yi ƙulle-ƙulle.

"Tsutsa ta shiga wannan. Jefa ta a murhu. Tono wadda ke kusa da rijiya."

Wata tsutsa ce da ido ba ya gani ta cika ƙasar unguwarmu. Duk ɗoɗɗoyar da aka shuka sai ta yi rawaya ta kwanta. Mu dai muka haƙura, muka koma saye a kasuwar Rogo. Ita kuwa ta samo ta daji, mai ɗaci, wadda tsutsar ba ta kula ta, ta shuka a jikin ta gida don ƙudan zuma su haɗa irinsu. Shekara da shekaru tana tonowa, tana ƙonawa, tana adana irin masu lafiyayyar saiwa.

Ta kusa da rijiyar saiwarta fara ce sumul.

"Murza ganyen ki ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Ba ɗaci, sai ƙamshi.

Ta ce, "To, alhamdulillahi, ta zo. Layin nan kada a taɓa shi sai irin ya bushe."

"Goggo, kin gaya wa Lukumanu?"

"Na gaya masa a waya. Ya ce in dinga shan maganina."

Ranar Alhamis bayan azahar na je dama mata kunu. Da na dawo na yi sallama, ba ta amsa ba. Tana jingine da bango, fuskarta na kallon shukar, rai ya yi halinsa, ba kowa a gidan sai kaji.

Matan da suka zo zaman makoki daga Karaye suka yanke rabin layin suka zuba a miya kafin in ankara. Suka yi ta yabon ƙamshin.

Bayan addu'ar bakwai Lukumanu ya kawo kwaɗo ya sa wa ƙofar gidan. Na roƙe shi makulli.

"Yaya Sadiƙa, ganye ne fa. Kawu ya ce a rufe gidan sai an raba gado."

Irin bai bushe ba tukuna. Kullum da safe ina taka turmi in watsa ruwa ta saman katanga, ba na ganin inda yake sauka. Sai in tsaya da bokitin a hannu, ina jin yana ɗiga a kan ganye.