Ruwan Jinin da Ba a Ɗumama Ba

Shekara goma sha tara Inna tana wankin kwalabe a ɗakin gwajin jini, ba a taɓa kama ta da barin kumfar sabulu a kwalba ba, sai da aka kawo sabon likitan nan da ma'aikata suka laƙaba wa Ƙaramin Sani.

Ranar Talata gwajinsa ya lalace. Ƙwayoyin jinin da ya kamata su dunƙule a gindin kwalba duk sun fashe, ruwan ya yi ja wur.

"Sabulu ne," ya ce wa Shugaban ɗakin gwajin. "Tsohuwar nan ba ta ɗauraya. A sallame ta kawai."

Inna ta tuna jikokinta uku da ke ci daga aikin nan. Ta dubi takalmin likitan mai sheƙi, ta taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, yaron nan bai kunna tukunyar ɗumama ba. Tun jiya tsummana ke shanye a kan murfinta."

"Ina ruwanki da tukunya?" Ƙaramin Sani ya daka mata tsawa.

"Na ji wajen waɗanda suka fi ka. A ɗanyen ruwan jini akwai wasu sinadarai. Da sun ga ƙwayar da aka yi wa alama sai su taru a fatarta, wannan ya kira wancan, su yi zobe su huda ta. Ruwa ya yi ta shiga har ta kumbura ta fashe. In aka ɗumama ruwan jinin rabin awa a zafi digiri hamsin da shida, sun daina aiki. Amma mai saurin fita a ɗauke shi hoto, ina ya ga rabin awa?"

"Yau kuma mai soso ce malamarmu?"

"Ai soso ba ya tsallake, ɗana."

Shugaba bai yi dariya ba. Ya zaro kwalba daga kwandon Inna, ya ɗumama ruwan jinin da hannunsa, ya sake gwajin. Inna na tsaye tana kallo. Can sai ga ƙwayoyi sun dunƙule lafiya ƙalau.

"A inda na yi karatu, a ɗumame yake zuwa," in ji Ƙaramin Sani, yana gyara wuyan riga.

"To, nan ma haka zai riƙa zo maka," in ji Shugaba. "Inna, daga gobe tukunyar taki ce."

Ko haƙuri ba wanda ya ba ta. Ta dai tsira da aikinta, an ƙara mata da na Ƙaramin Sani.