Allah Ya Isan Marka

Marka mace ce da in magana ta fito bakinta, ko da igiya ba a mayar da ita. Duk ƙauyensu, can gefen Maradun, an san haka. An kuma san ba ta da wani ɗa sai Mainasara, ɗan ƙanenta Gajere, wanda ta riƙa tun daga yaye. Ita ta goya shi, ita ta yi masa kaciya, da albasar fadamarta ta tufatar da shi har ya zama mutum.

To, da aikin dam ɗin Bakolori ya kankama, Mainasara ya samu aikin lebura a kamfani. Ran da masu awo suka iso fadamar Marka, wa za ta gani riƙe da guduma, yana kafa turaku tsakanin mangwarorin da marigayi mijinta ya dasa? Ɗan nan nata. Ba a jima ba katafila ta bi ta kan komai. A bakin rijiya, gaban jama'a, ta dube shi ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ya kwashe 'yan kayansa ya koma barikin ma'aikata.

Gajere mutum ne mai sanyin hali, har ana yi masa ba'a wai ko akuya ta ci masa dawa sai ya tambaye ta mutan gida. Ya dinga zarya. Ya zo da liman, ta ce kanta ke ciwo. Ya zo da dattawa, ta ba su ruwa ta shige ɗaki. Ba wai ba ta kewar yaron ba ne. Sau da yawa sai ta tuƙa tuwon mutum biyu, ta zauna tana hararar kwano.

Bayan an tashe su an kai su sabon matsuguni, kan wani tudu mai tsakuwa, Gajere ya zo shi kaɗai ya zauna a ƙofar ɗakinta.

"Yaya, wanga karo ban zo ba ki hanƙuri ba. Hwaɗa min abin da ke ranki, in saurara."

Ba a taɓa tambayar ta haka ba. Sai kuwa ta ɓalle. Ta faɗi mangwaro, ta faɗi albasa, ta tsine wa tudun nan da ko kuɓewa ba ya yi. Daga ƙarshe muryarta ta karye.

"Ba don gona ba, Gajere. Gwamnati ta hi ƙarhina, na sani. Amma ya kasa zuwa ya hwaɗa min da bakinai? Sai dai in gan shi da guduma awa baƙo?"

"Ya zo, Yaya. Har ƙohwar gidanki ya kai, tsoron bakinki ya maishe shi. Wurina yab biyo shina kuka. Sau nawa nike son gaya miki, ba ki bari in kai aya ba."

Marka ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun takaba. Ta ce, "Kai ni wurinai."

Sai a lokacin Gajere ya gaya mata sauran. An mayar da yaron wajen fasa dutse, nakiya ta tashi kusa da shi, yana kwance a asibiti can Mafara. "Ban so ki yahe mai don tausai ba," in ji shi.

Suka iske Mainasara zaune bakin gado, kai naɗe da bandeji. Yana ganin ta ya zame ƙasa ya durƙusa. Ya yi magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken gulbi.

"Gwaggo, ki yahe min!"

"Na yahe maka, ɗana, duniya da lahira."

Ya ƙura wa bakinta ido. "Gwaggo, don Allah ki yahe min!"

Ta sake faɗa. Ta ɗaga murya ta sake, har sauran majinyata suka juyo. Malamin asibiti ya matso ya ce mata, a hankali, kunnuwan duka biyu sun tafi, ba kuma dawowa za su yi ba.

Marka ta durƙusa ta jawo kansa ƙirjinta, tana ta maimaitawa ba ta ko numfasawa. Shi kuwa ya ɗago ido ta kan kafaɗarta, ya nemi ubansa.

"Baba, mi tac ce?"