Gwajin Tururuwa

Kwana uku da haihuwar Barakatu, surukarta Inna Asibi ta shigo ɗaki da ƙoƙo. A gidansu na Pauwa ba a sakar wa jariri nono sai an gwada. Aka tatso kaɗan, aka jefa tururuwa uku. Biyu suka fita, ɗaya ta mutu a ciki.

"Kin gani ko? Nonon ga bai da kyau," in ji tsohuwar. "Kar ki kuskura ki ba shi sai kin sha magani."

Inna Asibi ba muguwa ba ce, jikanta take so, ita ma haka aka yi mata. Ga shi kuma sauƙi ya zo. Lawwali, mijin Barakatu, yana leburancin titi a Kaduna tun da kuɗin fetur suka kwashe samarin garin, ya aiko da madara gwangwani biyu da bulunboti. A jikin gwangwanin akwai hoton wani jariri, kumatu luhu-luhu, kowa ya gani sai ya ce tubarkalla.

Sai dai damina ta yi gardama a shekarar, rijiya ta ƙafe. Da ruwan tafkin da shanu ke sha ake dama madarar. Da gwangwani ya yi rabi, aka rage cokali aka ƙara ruwa.

Ƙirjin Barakatu ya cika ya yi tauri kamar dutse, yaron na tsala kuka a gefenta, ita tana kurɓar sassaƙe. Ɗan fari ne, kunya ba ta bari ta ɗaga murya a kansa. Sau ɗaya ta ce, "Inna, ko kaɗan ne?" Aka yi kamar ba a ji ba.

Bayan mako biyu aka sake gwaji, tururuwa duk suka fita. Aka miƙa mata ɗanta. Ya kama, ya saki, gudawa ta riga ta cinye ƙarfinsa. Nonon ma da ya ga ba mai sha, ya ja baya. Ta sha kunun kanwa har ya gundure ta, ta matsa, ɗigo biyu.

Kwana uku da binne shi, tana surfe a tsakar gida, jaririn maƙwabta ya fasa kuka ta bayan danga. Ta ji ƙirjinta ya yi zirr, gaban zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta saki taɓarya ta dafe da hannu biyu, amma nonon ya ƙi tsayawa.