Kolo Mai Bin Girgije a Majigi

A shekarar da damina biyu suka wuce a jere ba a cika rumbu ba a ƙasar Damagaram, akwai wani tsoho a unguwar Birni ana ce da shi Ɗan Azumi. Zane ne aikinsa. Yakan naɗe takardu ya ɗinke da zare, ya cika su da hotuna, kowane mutum da maganarsa a rubuce saman kansa. Duk labaransa na mutum ɗaya ne, wani manomi dogo siriri mai suna Kolo, da jakinsa mai bakin tsiya. Ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, da direbobin tasha ne masu karantawa, littafi ɗaya sai ya zaga unguwa har ya yage.

Wasu na cewa akwai motsi a kansa. Ba ya zane sai a bisa dutse, ya juya wa gari baya. Kullum da laimarsa a hannu, ko da sama ta yi wata da watanni ba ta ɗiga ba. In ka tambaye shi iyali sai ya ce Kolo ya kwana da ciwon baya.

Gana kuwa saurayi ne ɗan Barebari, yana aiki a wani sarwis, wato ma'aikatar gwamnati, na wayar da kan manoma. Ya koyo ɗaukar hoto mai motsi a Yamai, ya dawo da ƴar kamara wadda ba ta ɗaukar murya. Tun yana lakwal yake son Kolo, don haka ya roƙi Ɗan Azumi ya bari a mai da littafi ɗaya majigi. Ɗan Azumi ya ce sai ya tambayi Kolo. Washegari ya ce Kolo ya yarda.

Shugaban sarwis ya ce ba za a ɓata fim a kan wasa ba, dole a sa darasi. Aka ɗauko wani ma'aikacin ofis mai ƙiba ya zama Kolo, aka hana jaki magana, aka naɗi murya a kaset tana koya wa mutane yadda ake adana iri. Aka nuna majigin da la'asar a wata mangaza, babban ɗakin ajiyar gyaɗa da fari ya bari fayau, aka rufe ƙofofi don a sami duhu. Ƴan gari sun zo, haka ma mutanen ƙauye da yunwa ta koro suka yi bukkoki a bakin gari.

Ba a yi nisa ba wata mata ta ɗaga murya daga baya.

"Wane iri za mu adana? Ai mun daka mun sha."

Mutane suka fara zamewa. Ɗan Azumi ya miƙe, ya buɗe laimarsa a gaban na'ura, inuwarta ta rufe bangon duka.

"Wannan ba Kolo ba ne," in ji shi. "Kolo bai taɓa ƙoshi ba. Ku je gida."

Gana ya yi kwanaki ba ya son fita. Daga baya ya hau dutse ya sami tsohon, ya durƙusa.

"Baba, na ɓata maka aiki. Ka yi haƙuri."

"Ni ban ji komai ba. Jakin ne ya yi fushi."

"Akwai sauran fim a wurina, wanda aka ce na yi yadda nake so da shi. In ka yarda mu sake, ba da hannun kowa ba."

Ɗan Azumi ya daɗe yana fiƙe alƙalaminsa na kara. Sannan ya ce shi zai zaɓi Kolo, kuma kada ya ƙara jin kaset.

Ya bi bukkokin bakin gari yana leƙa fuskoki, har ya tsaya kan wani mutumin Hamdara mai suna Mai Nasara. Mutumin ya sayar da awakinsa, saniyarsa ta mutu a hanya, ya iso Damagaram da matarsa Delu da ƴan tarkace. Tun zuwansu yake wuni a gindin bukka yana kallon ƙasa. Da Gana ya yi masa bayani sai ya girgiza kai.

"Ina cikin wannan hali, kuma in zama abin dariyar ƴan birni?"

Delu ta ajiye muciya. "Maigida, zaman nan ya fi dariyar ciwo. Tashi ka bi su, ko ƙafafunka sa motsa."

Littafin da suka zaɓa shi ne wanda Kolo ya gaji da jiran ruwa, ya ɗauki igiyar rijiya ya ce zai kamo girgije ya ja shi zuwa gonarsa. Ya bi shi tun daga Zermu har Garagumsa, jaki na biye yana yi masa ba'a. Suka ari jaki wurin wani mai sayar da ruwa, suka fita bayan gari. Komai ya samu sai girgijen. Kullum su fita su zauna ƙarƙashin gawo suna kallon sama fes, Mai Nasara da igiya a kafaɗa. Rannan da hantsi wani ɗan guntun girgije ya ɓullo ta gabas. Ɗan Azumi ya kurma ihu, Mai Nasara ya zabura da gudu yana wulwula igiya, Gana na bin sa da kamara yana tuntuɓe, jakin kuma ya ƙi motsawa ko taku ɗaya. Gana ya so a sake, tsohon ya ce haka ma Kolo ya ba shi labari.

Aka aika fim ɗin wanki can nesa, ya daɗe bai dawo ba. Ran da za a nuna, Gana ya kasa cin abinci. Yana tsoron mutanen da suka binne dabbobinsu su ga ana wasa da rashin ruwa su ji an ci musu fuska. Mangaza ta cika, yawanci don a ga ko tsohon zai sake buɗe laima.

Injin wuta ya tashi, hoto ya fito a bango. Ɗan Azumi ya tsaya a gefe, ba lasifika, shi ne Kolo shi ne jaki. Mutane suka yi tsit. Ga Mai Nasara nan a bango, haƙarƙari a waje, yana ɗaura wa igiya zarge. Tsohon ya shaƙe murya ya yi ta jaki:

"Maigida, in ka kama shi, a turken wa za ka ɗaure? Nawa dai ba wuri."

Delu ce ta fara. Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gyale, ta kasa. Sai wurin ya ɓarke. Da aka zo gudun, maza suka miƙe tsaye suna nuna bango. "Ta gabas! Tare shi ta gabas!" Wani ya ce igiyar ta yi gajere, wani ya ce ai laifin jakin ne, suka kama gardama kamar gonarsu ce.

Akwai inda Kolo ya tsaya a tsakiyar gona yana duban karan da ya ƙone. Gana bai ce wa Mai Nasara ya yi komai ba a ranar, ya same shi ne a haka ya ɗauka. Nan ba ka jin komai sai ƙarar na'ura da shessheƙar wata tsohuwa. Wani dattijo ya tashi ya kaɗe rigarsa.

"Wannan ba abin kallo ba ne," in ji shi, ya tura ƙofa ya fita. Mutum biyu suka bi shi. Sauran suka zauna.

A ƙarshe igiyar ta sarƙe a reshen gawo, Kolo ya faɗi rigingine, girgije ya yi gaba abinsa. Kolo ya tashi ya kaɗe jiki, ya fara naɗe igiyarsa. Jaki ya tambaye shi ko an haƙura, ya ce a'a, gida za shi ya ƙara mata tsawo.

Aka buɗe ƙofa, ba wanda ya fita. Suka ce a maimaita. A karo na biyu tsohon ya canza maganar gaba ɗaya, a na uku kuwa mutane suka riƙa jefo wa jaki tasu, shi kuma yana ɗauka. Mai Nasara na zaune a lungu ya rufe fuska da hula, yara da manya na zuwa suna taɓa shi suna kiran Kolo.

Labari ya kai wa shugaban sarwis. Bai ce ya yi kuskure ba, amma da aka fara kai irin gero ƙauyuka gab da damina, ya ce Gana ya ɗora na'urarsa a kamyo, babbar motar kaya, ya bi. Ɗan Azumi ya hau saman buhuna. Mai Nasara da Delu suka ɗaure kayansu suka hau su ma, don Hamdara na kan hanya, kuma sun ce can za su sauka su gyara gona.

Mota na tafe tana girgiza su, Delu ta dubi tsohon.

"Baba, wai shi Kolon nan ba shi da mata ne?"

"Wa za ta zauna da mai bin girgije?"

"Ga ni nan zaune," in ji ta. "Ka sa ta a ciki. Wa kake tsammani ke ba jakin ruwa?"

Ɗan Azumi ya laluba aljihu ya zaro takarda, ya ɗora a gwiwa, ya ce wa direba ya rage gudu. Ya tambaye ta wane suna za a sa. Ta ce Barira, sunan uwarta, kuma kada ya zana ta da ƙaramin hanci.